Idan Naƙuda Ta Kama Ki a Ɗaki: Jagora ga Matan Hanwa da Mazansu

Ƙarfe 2 da rabi na dare aka buga mana ƙofa, cikin damina. Yarinyar maƙwabta ce, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. "Gwaggo, wai in ji Inna ki zo, Anti ta sauka amma jini ya ƙi tsayawa." Na zari hijabi na bi ta. Jaririya na tarar da ita lafiya lau, an naɗe ta an ajiye a gefen gado tana tsotsar hannu. Uwar kuwa tana kwance a kan leda, zani na uku ya jiƙe sharkaf, leɓenta ya yi fari fat, sai neman ruwan sha take yi. Surukarta na cewa a ƙyale shi ya fita, ƙazanta ce, ita ma haka ta yi a haihuwarta ta huɗu. Maigidan yana zaure yana ta danna waya, mai keken da ya dogara da shi ya kashe tasa ya yi barcinsa. Sai da aka kusa cinye awa guda kafin wani maƙwabci ya fito da mota. Allah ya sa da sauran shan ruwanta, ta tashi bayan an ƙara mata jini leda 3.

Babu mugu ko ɗaya a gidan nan, kowa na ƙaunarta. Abin da ya kusa kai ta kushewa shi ne babu wanda ya zauna tun cikin yana wata 6 ya ce: to idan abu ya juya tsakar dare, wa zai yi me? Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a haihuwa kullum ranar tafiyar muke neman wuƙa.

Ra'ayina ba a ɓoye yake ba. Haihuwa a hannun ungozomar asibiti ta fi tsaro, kuma ƙanwata ko 'yata can zan kai ta. Amma na san garinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 ce kacal cikin 100 ake yi a asibiti a faɗin Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin 16 ce. Wata kuɗi ne ya hana ta, wata kunyar likita namiji, wata tsawar da aka taɓa daka mata a ɗakin haihuwa ce ta sa ta rantse ba ta komawa, wata kuma ta yi niyyar zuwa, naƙudar ce ta zo mata da gaggawa. Duk wadda za ta durƙusa a ɗakinta, da gangan ko bisa tilas, akwai abin da ya kamata ita da mutanen gidanta su sani.

Awo shi ne matakin farko

A nan Zariya aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken haihuwa da aka taɓa yi a Afirka. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne mutuwa ta fi yin ɓarna, nesa ba kusa ba, a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai rai ya kai maƙogwaro ake kwaso su. Shekara kusan 40 ke nan, maganar ba ta tsufa ba.

Ki fara awo da zarar kin tabbatar da ciki, kada ki jira sai ya fito an fara yi miki tsiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a gana da ma'aikatan lafiya sau 8 kafin haihuwa. A can za a auna hawan jininki, a duba yawan jinin jikinki da rukuninsa, a gwada fitsari, a yi miki allurar rigakafin sandarewar jarirai sau 2 da tazarar wata guda, a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini na kullum, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na 4. Ƙwayoyin nan na jini da mata ke jefawa bayan gado saboda suna tayar da zuciya, su ne jarinki ranar haihuwa. Mace mai cikakken jini za ta zubar da abin da za ta zubar ta miƙe, mai ƙarancinsa kuwa kaɗan ya ishe ta faɗuwa. Ki sha su bayan cin abincin dare, tashin zuciyar zai ragu.

Babban amfanin awo ga mai son haihuwa a gida shi ne a gaya mata ko cikinta na gida ne. Akwai wanda ba na gida ba ne ko kusa. Wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa, ɗinkin mahaifarta na iya yagewa a naƙuda. Haka mai tagwaye, da wadda ɗanta ya kwanta a gicciye ko ya zo ta ɗuwawu, da mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai ɗauke da cutar ƙanjamau, da wadda ta ga jini ana cikin goyon cikin. Yarinya mai cikin fari, musamman wadda jikinta bai gama ƙosawa ba, ita ma asibiti. Sai wadda mutane suka fi sakin jiki da ita, wato gwanar haihuwa mai 'ya'ya 5, 6, 8. Ana cewa ai ta saba, ko ita kaɗai sai ta haihu ta yanke cibiya. Alhali mahaifar da ta sha ɗaukar ciki ita ta fi kasa tsukewa bayan haihuwa. Maƙwabciyar nan tawa haihuwarta ta 7 ce.

Jakar haihuwa, da aikin maigida

Ciki na shiga wata 8 ki haɗa jaka ɗaya, ki ajiye ta inda kowa a gidan ya sani. A ciki a sami sabuwar reza da ba a ɓare takardarta ba, da abin matse cibiya na roba, ko zare mai ƙwari da aka tafasa aka shanya aka ƙulle a leda mai tsabta. A sami sabulu, safar hannu, babbar leda ta shimfiɗa, zannuwa wankakku aƙalla 5, ƙunzugu ko audugar mata, tawul 2 na jariri, hula da safa, da tocila mai sabon batir, don wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. Katin awonki ya kwana a cikin jakar. Abu 2 kuma za ki tambaya a wurin awo: man cibiya na kulohekzidin, da ƙwayar misofurostol wadda ma'aikatan lafiya ke ce wa miso. Daga hannunsu za ki karɓa, su yi miki bayani baki da baki.

Maigida, kai ma da naka. Ka nemi masu abin hawa 2 a unguwa, ka yi magana da su tun yanzu cewa za ka iya tashinsu kowane lokaci. Ka san inda za ku nufa. Daga Hanwa, in an hau titi ta Kwangila aka miƙe ta Palladan da Samaru, za a kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ta ɓangaren birni akwai Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Ƙaramin asibitin unguwa ya isa awo da haihuwar da ta zo da sauƙi, amma zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda suna buƙatar inda ake ƙarin jini da tiyata, kada ku ɓata lokaci kuna yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ka tanadi 'yan'uwa 2 ko 3 masu lafiya da suka yarda za su ba da jini. Ka ware kuɗi daban da na rago da zanen suna, waɗanda ba za a taɓa ba.

Sannan ka ba da izini tun yau, a gaban mahaifiyarka da duk wanda ke gidan: "In abu ya taso ba na nan, a kai ta asibiti, kada a jira ni." Mata nawa suka galabaita a ɗaki ana jiran mai gida ya dawo daga kasuwar ƙauye ko wayarsa ta shiga? Kalma ce guda, ba ta cin ko sisi.

Ranar da abin ya zo

Mun gaji kunya da dauriya, har ana yabon wadda ta haihu ba a ji ko tarinta ba. Musamman mai cikin fari da aka kai goyon ciki gidansu, sai ta kwana tana murƙususu ta kasa gaya wa mahaifiyarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da kin ji ciwon mara da baya yana zuwa yana tafiya a kan tsari, ko kin ga majina mai ɗan jini, ko faya ta fashe, ki faɗa, a kuma duba agogo a riƙe lokacin. Kada ki haihu ke kaɗai. In da hali a kira ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, in babu a kira ungozomar da ta sami horo, wadda ba ta jin nauyin cewa "wannan ya fi ƙarfina".

A share ɗaki, a shimfiɗa leda da zani a kai. Mai karɓar haihuwa ta yanke farce, ta cire zobe da awarwaro, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta sa safa. Ke kuma ki yi ta zagaya ɗaki, ki sha ruwa, ki sha kunu ko shayi, ki riƙa yin fitsari a kai a kai, domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa ɗa hanya. Addu'a da tofi ba su hana komai ba, a yi su. Kada ki fara nishi sai jikinki da kansa ya matsa miki kamar bayan gida ya kama ki. Nishin wuri kumbura bakin mahaifa yake yi, ya ƙarar da ƙarfinki tun ba a je ko'ina ba. Durƙuson da iyayenmu suka saba da shi ba shi da laifi, yana ma taimakawa.

Akwai abubuwan da ba a yi, ko wa ya ce a yi. Ba a kiran mai kemis ya yi allurar naƙuda ko ya ɗaura ruwa da ita a gida. Allurar nan tana matse mahaifa da ƙarfin da zai iya fasa ta, ko ya shaƙe ɗan a ciki. Jiƙe-jiƙen saurin naƙuda su ma haka. Ba a hawa cikin mace a danna. Ba a yawan tura hannu ana lalube. Ba a yankan gishiri, wanda ya jefa mata da yawa a ƙasar Hausa cikin yoyon fitsari, kamar yadda doguwar naƙuda ke yi idan kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu.

Iyakar gida awa 12 ce. Naƙudar da ta fara da asuba, aka kira magariba ba a sauka ba, ta tashi daga ta gida. Ba ma sai an kai haka ba idan jini ya ɓalle kafin ɗa ya fito, ko ruwan faya ya zo kore ko da wari, ko hannu, ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko an yi awa guda ana nishi babu ci gaba. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska kuwa jakadun jijjiga ne. In ta fara jijjigar, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata komai, kada a tsaya turare da hayaƙi ana cewa iska ce. Hawan jini ne, kuma allurarsa tana asibiti.

Daga faɗowar ɗa zuwa awa 2

Nan ne gaɓar da ta fi kowace haɗari, kuma nan ne hankalin kowa ke komawa kan jariri a manta da uwa.

Yana faɗowa a tsane shi da tawul, a goge shi sosai har baya da kai, a jefar da jiƙaƙƙen tawul ɗin, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. In bai yi kuka ba a share masa baki da hanci, a murza bayansa da tawul. Ba a riƙe shi ta ƙafa a zazzage, ba a watsa masa ruwan sanyi. In minti guda ya wuce ba ya numfashi sosai, a yi asibiti da shi a naɗe, babu jira.

Cibiya ba a gaggawar yanke ta. A dakata minti 1 zuwa 3, jinin da ke cikinta ya gama shiga jikin yaron. Sai a ɗaure wuri 2, na farko faɗin yatsu 2 daga cikinsa, na biyu yatsu 2 gaba da wancan, a yanke tsakani da sabuwar rezar nan.

Yanzu sai miso. A shafa cikin uwar a tabbatar babu wani ɗan a ciki, sannan ta haɗiye ƙwaya 3 a lokaci guda, tun kafin mabiyiya ta faɗo. Aikinta ta tsuke mahaifa ta rage zubar jini. Tana iya kawo rawar sanyi da ɗan zazzaɓi, yana wucewa da kansa. Amma a ji wannan da kyau: ba a shan miso da ɗa a ciki, ko don a hanzarta naƙuda. Wanda ya yi haka zai iya rasa uwa da ɗa baki ɗaya. Amfani da ita a haihuwar gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. A 2009 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello tare da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a Amurka sun raba ta a ƙauyuka 5 na kewayen Zariya, suka kuma koya wa mata gane yawan jini da abin da kowace ta sani, wato modar shan ruwa mai cin kimanin rabin lita. Jinin da ya cika moda ya wuce na al'ada.

Mabiyiya ba a jan ta. A sa wa jariri nono, uwar ta yi fitsari, yawanci za ta faɗo da kanta. In minti 30 ya wuce shiru, a fara kiran mota. Ba a cusa mata muciya a maƙogwaro don ta yi kakarin amai, ba a tura hannu a ciro. Bayan ta faɗo a duba ko ta fito cikakkiya, in da guntun da ya ɓace a tafi da ita asibiti a leda su gani. Daga nan a riƙa murza ƙasan cibiyar mai jego har a ji mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo, a maimaita duk minti 15 har awa 2. Mahaifar da ta yi laushi jini take tarawa. Idan ƙunzugu na jiƙewa cikin minti 5, ko gudaji na fita, ko ta ce jiri take ji, tana gumi mai sanyi tana neman ruwa, a ɗauke ta nan take, ana tafe ana murza cikin, jariri na kan nono. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa 2, kuma daga ciki za a cire lokacin neman mota da na hanya.

Jego

Ruwan nonon farko, dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, shi ne rigakafin farko na yaro. A sa shi a nono cikin awa guda, kuma nonon kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko a zafin Afrilu. Wankan jariri a jinkirta shi zuwa awa 24. Na san za a ce zai yi ƙarni har girmansa. Ba zai yi ba, sanyi ne ke kashe jarirai, farin maiƙon nan kuwa kariya ne ga fatarsa. Cibiya a shafa mata kulohekzidin sau ɗaya a rana har mako guda, da wankakken hannu, kuma a nisanta shi da idon yaro. Ban da man goge baki, ban da toka, ban da gashi da tsumma ko kasko. Wanzami ya yi askin suna da sabuwar reza, amma cire beli da taɓa gaban 'ya mace a bar su.

Wankan jego ina son sa, kuma babu mai raba mu da ƙamshin ganyen darbejiya a tukunya. Amma a sassauta. A shekarun 1970 likitoci 2 a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta rahoto a kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da tafasasshen ruwan wanka, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego safe da yamma. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, amma kanwa dai gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana tayar da hawan jini. Ruwa ya zama mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, kanwa a rage ta ƙwarai, mai hawan jini kuwa ta bar ta gaba ɗaya. Kauri da ganye da wake da ƙwai, waɗannan a ci a ƙoshi.

Ko haihuwa ta zo lafiya ƙalau, uwa da ɗa su je asibiti cikin awa 24 a duba su, a yi wa yaro allurar BCG da ta ciwon hanta, a ɗiga masa maganin shan inna. Zaman ɗaki na kwana 40 bai hana wannan fita ba. A cikin kwanakin nan, mai jegon da ta ga zazzaɓi, ko jini mai wari, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin ƙafa da haki har ba ta iya kwanciya sai a jingine, ta koma asibiti a ranar. Haka jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, ko gindin cibiyarsa ya yi ja yana ruwa. Kada a ce a bari sai an yi suna.

Malam, kai da iyalinka ke da tsohon ciki, kafin ka kwanta yau ka kira direban nan da kake ganin za ka dogara da shi. Ka tambaye shi ko yana barin wayarsa a kunne da dare.